Irin da ya ɓuya a cikin ƙumba: nazarin durƙushewar noman nori a Japan da yadda aka farfaɗo da shi

A zangon karatu na biyu na bara, da muka iso babin hayayyafar tsirrai marasa fure tare da ɗaliban ajin ƙarshe a makarantar sakandaren da nake koyarwa a nan Jos, na shiga aji riƙe da wani falle baƙi mai ɗan ƙyalli, siriri kamar takarda, wanda wani abokin aikina ya sayo mini a wani babban kanti a Abuja. Sunan abin nori, kuma a cikinsa ne mutanen Japan ke naɗe dafaffiyar shinkafa da kifi. Na yayyaga shi na rarraba musu. Wasu suka ɗanɗana suka yatsine fuska suka ce ƙarnin kifi yake yi, wasu kuwa ko taɓawa suka ƙi. Da na gaya musu cewa da jar ciyawar teku ake yin sa, sai gardama ta tashi, domin abin da ke hannunsu tsakanin baƙi da kore yake, babu alamar ja a jikinsa. Na bayyana musu cewa jan launin yana cikin wani sinadari ne da zafi ke lalatawa, shi ya sa fallen da aka gasa yake komawa kore-kore. Ana cikin haka wani ɗalibi da mahaifinsa ke noman dankalin turawa a Bokkos ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, idan noma ta ake yi, to ina irinta? Me suke ajiyewa su shuka baɗi?"

Tambayar yaron nan ita ce ainihin lamarin da zan warware a wannan rubutu, domin manoman Japan sun shafe kusan shekara 300 suna noman wannan ciyawa ba tare da ko mutum ɗaya daga cikinsu ya taɓa riƙe irinta a hannu ba, kuma wannan rashin ne ya kusa kashe sana'ar baki ɗaya a ƙarshen shekarun 1940.

Noman da babu shuka

Noman nori ya faro ne a gaɓar birnin Edo, wanda a yau ake kira Tokiyo, wajen ƙarni na 17. Mutanen bakin teku sun lura cewa duk wani turke ko reshe da ke tsaye a cikin ruwa mara zurfi yakan lulluɓe da wani lallausan ganye mai launin shuni idan sanyi ya fara shigowa. Don haka suka riƙa sassaro rassan itatuwa da gora suna kakkafawa jeri-jeri a cikin taɓon da teku ke rufewa idan ya ciko, ya kuma buɗe idan ya janye. Sukan kafa su a wajen watan Satumba ko Oktoba, su koma gida su jira. Bayan 'yan makonni sai ganyen ya bayyana, su yi ta tsinka duk tsawon lokacin sanyi, su daddatsa shi, su shanya a kan 'yan tabarmi kamar yadda ake yin takarda. Daga baya raga ta maye gurbin rassan, amma tsarin bai sauya ba: manomi yana tanadar wurin da ciyawar za ta kama ne kawai, batun iri kuwa ya rage ga teku.

Idan watan Afrilu ya wuce ruwa ya fara ɗumi, ganyen yakan ruɓe ya ɓace gaba ɗaya, a shafe wata biyar ko shida ba a ganin ko ɗigonsa, sa'an nan ya dawo a kaka kamar an yi masa kira. Wata shekarar ya zo da yawa, wata shekarar kuma a kafa gora a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya, a tashi hannu rabbana. Saboda haka ne manoman suka laƙaba masa sunan da ma'anarsa ita ce ciyawar sa'a. Manomin dankali a Mangu ko Bokkos, wanda yake zaɓar ƙananan 'ya'yan dankali ya adana su a ɗaki mai iska har su fito da tsiro, zai fahimci nauyin wannan matsala fiye da kowa: gonar da ba ka san inda irinta yake kwana ba, ba za ka iya kare shi daga komai ba, ba za ka iya zaɓar mai kyau ka bar mara kyau ba, ba kuma za ka san abin da ya kashe shi ba ranar da ya mutu.

Masana na wancan zamani sun san cewa kafin ganyen ya ɓace yakan saki wasu 'yan ƙwayoyi a cikin ruwa. Kowace ɗaya ƙwayar halitta ce guda tak, ba ta da ɓawo ko guzurin abinci irin na ƙwayar masara, kuma ido ba ya ganinta sai da madubin likita. Zan kira su ƙurar iri a nan, domin da irinsu ne fumfuna ke yaɗuwa a kan burodi, da irinsu ne kuma cutar da ke ƙona ganyen dankali ke tsallakawa daga gona zuwa gona idan damina ta yi nauyi a Filato. Abin da ba a sani ba shi ne inda wannan ƙura take zuwa. Wasu suka ce tana kwanciya ne a ƙasan teku ba motsi har zafi ya wuce, wasu suka ce tana zama 'yan mitsi-mitsin ganye da ke laɓewa a jikin duwatsu. Babu wanda ya iya kawo hujjar da ta gamsar.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da Japan ke cikin tsananin ƙarancin abinci, sai amfanin nori ya faɗi warwas. Mahaukaciyar guguwar teku ta yi ta dukan gaɓar ƙasar, musamman a 1948, ga kuma dattin masana'antu da takin gonaki da ke gangarowa ta koguna, ga cike bakin teku da ƙasa da ake yi domin gine-gine. Manoman suka kafa gorarsu kamar yadda suka gada, ciyawa ta ƙi kamawa a wurare da dama. Da yake ba su san abin da ya lalace ba, babu gyaran da za su iya yi illa su sake kafawa su sake jira.

Yadda jar ciyawar teku ke haihuwa

Kafin a fahimci maganin da aka samo, dole a ɗan tsaya a kan wata tawaya da dukan dangin jar ciyawar teku suke da ita. Dangi ne babba mai nau'i kusan 7,000, yawancinsu a cikin ruwan gishiri, kuma daga cikinsu ne ake samun agar, wato daskararren abin nan mai kama da kunun da ya kwana wanda ake renon ƙwayoyin cuta a kansa a ɗakunan gwaji na asibitocinmu. A yawancin halittun ruwa ƙwayar namiji tana da wata siririyar wutsiya da take kaɗawa ta yi iyo zuwa wurin ƙwayar mace. Jar ciyawar teku ba ta da wannan wutsiya ko kaɗan, a kowane mataki na rayuwarta. Ƙwayar namijinta ba ta iya motsa kanta. Sai dai a sake ta a cikin ruwa, igiyar ruwa ta kai ta inda ta ga dama. Ƙwayar mace kuwa tana nan maƙale a jikin uwa, ta miƙo wani ɗan tsinke waje, tana jiran wadda ruwa zai kawo ta manne.

Tun da barbara a irin wannan hali abu ne na dace, dangin ya ɓullo da hanyar ninka ribar duk barbarar da ta yiwu. A yawancin nau'o'in, ƙwan da aka yi wa barbara ba ya zama tsiro ɗaya; yakan girma a jikin uwa ya zama wani ɗan kumburi mai kama da ƙurji, a ciki a samar da ƙurar iri mai ɗimbin yawa. Wannan ƙura ta faɗi ta tsira ta zama tsiro mai cin gashin kansa, shi kuma ya samar da wata ƙurar daban, huɗu-huɗu a kowace jaka, sa'an nan daga ita maza da mata su sake fitowa. Matakai uku ke nan a zagaye ɗaya. Wani masani ɗan Amurka, Richard Searles, ya kawo bayani a 1980 cewa wannan dogon zagaye diyya ce ta rashin wutsiya, kuma har yau bayanin nasa ne aka fi jingina da shi, ko da yake binciken da aka yi daga baya a gaɓar arewacin Faransa a kan nau'in Gracilaria gracilis ya nuna cewa barbarar ba ta kai wuyar da aka zata ba. A 2022 ma masu bincike a tashar nazarin teku ta Roscoff a Faransa sun nuna cewa wata ƙaramar halitta dangin jatan lande, Idotea balthica, tana ɗaukar ƙwayoyin namiji a jikinta daga tsiro zuwa tsiro, kwatankwacin aikin da zuma ke yi wa fure.

Ciyawar nori tana cikin wani tsohon reshe na wannan dangi. Akwai wata 'yar'uwarta da aka tono burbushinta a cikin dutse a arewacin Kanada, Bangiomorpha pubescens, wadda aka ƙiyasta shekarunta sun haura biliyan ɗaya, kuma ita ce hujja mafi tsufa da ake da ita ta haihuwa tsakanin namiji da mace a doron ƙasa. Ganyen nori, a nau'o'in da ake nomawa, kaurinsa ƙwayar halitta ɗaya ce kacal. A gefensa wasu ƙwayoyi kan rarrabu su zama ƙunshin ƙwayoyin namiji 64 ko 128 marasa launi, wasu kuma su zama ƙwayoyin mace, kuma kowace macen da aka yi wa barbara takan rabu ta ba da ƙurar iri takwas ko 16 ko fiye, gwargwadon nau'i. Iyakar abin da aka sani game da haihuwar nori ke nan har zuwa 1949.

Matar da aka sallama daga aiki

An haifi Kathleen Mary Drew a 1901 a garin Leigh da ke yankin Lancashire na Ingila. Ta kammala karatun ilimin tsirrai a Jami'ar Mancesta a 1922, ta fara koyarwa a can, ta kuma yi shekara biyu tana bincike a Berkeley ta jihar Kalifoniya. A 1928 ta auri wani malamin jami'ar mai suna Henry Wright-Baker, kuma da yake ƙa'idar lokacin ba ta yarda matar aure ta riƙe kujerar koyarwa ba, sai ta rasa aikinta. Ta ci gaba da bincike a matsayin mai nazari ta girmamawa, ta samu babban digiri na kimiyya a 1939. Abin da ya ɗauki hankalinta shi ne wata ciyawa mai suna Porphyra umbilicalis da ke fitowa a duwatsun gaɓar yankin Wels na Birtaniya, wadda mutanen can ke dafawa har ta yi laushi su ci da karin kumallo. 'Yar'uwar nori ce ta kusa, kuma ita ma masana ba su san makomar ƙurar irinta ba.

Drew ta tattaro ganyen daga arewacin Wels, ta bar shi ya saki ƙurarsa a cikin tankunan ruwan teku, ta zuba ido. Ƙurar ta tsira, amma abin da ya fito bai yi kama da ganye ba ko kusa: wasu siraran zaruruwa ne masu rassa. Da ta sa ɓawon ƙumbar teku a cikin ruwan, wato ɓawon halittun nan dangin katantanwa, sai zaruruwan suka huda shi suka shige, suka bazu a cikin allin da aka gina ɓawon da shi, har suka mayar da farin cikinsa ruwan hoda. A nan ne ta gane abin da take kallo. Wannan tabo mai ruwan hoda a cikin ƙumba ba baƙo ba ne a wurin masana. Tun 1892 wani Baturen Ingila mai suna Batters ya bayyana shi a matsayin wani nau'in tsiro na daban, ya raɗa masa suna Conchocelis rosea. Shekara 57 halitta ɗaya tana ɗauke da suna biyu a cikin littattafai, ana lissafa ta a matsayin halittu biyu da babu dangantaka tsakaninsu. Drew ta wallafa sakamakon a wata gajeriyar maƙala a mujallar Nature a 1949.

Idan ina koyar da wannan wuri nakan fara da misalin talibambam da kwaɗo, amma nakan janye shi nan take, domin yana ɓatar da ɗalibi. Talibambam shi ne yake girma ya rikiɗe ya zama kwaɗo. Konkoselis kuwa, wato waɗannan zaruruwa na cikin ƙumba, ba ya rikiɗewa ya zama ganye. Ganye ne ya haife shi, shi kuma yake haifar wani ganyen. Hausawa na cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, amma a wannan gida jika ne yake gadon kamannin kaka, ɗa kuwa ya fita daban. Bambancin har a cikin ƙwayar halitta yake: a nau'in da aka fi nomawa a Japan, ƙwayar ganye tana da kuromosom, wato ƙunshin da ke ɗauke da gado, guda uku, ta konkoselis kuma shida, uku daga wajen namiji, uku daga wajen mace.

Da wannan sai bayanin durƙushewar ya fito fili. Duk watannin zafi da manoma ke zaton ciyawar ta ɓace, tana nan a ƙarƙashin ƙafafunsu, a cikin ɓawon ƙumbar da ke zube a ƙasan teku, kuma daga can ne ƙurar da ke kama gorarsu take tasowa a kaka. Guguwa da taɓo da datti da suka binne ko suka kashe matattarar ƙumba sun lalata rumbun iri ne ba tare da kowa ya san rumbu ba ne. Rashin sani, in ji masu magana, shi ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Daga maƙala zuwa gona

Yadda ake yawan ba da labarin nan, sai ka zaci maƙalar 1949 kaɗai ce ta cika ragar manoma. A ganina wannan tauye haƙƙin wasu ne. Drew ta tabbatar da rabin zagayen, wato daga ganye zuwa konkoselis, kuma a kan nau'in Wels ta yi aikinta. Sauran rabin, wato yadda konkoselis ke samar da tasa ƙurar da kuma yadda za a sa ta kama raga a lokacin da ake so, masana na gabashin Asiya ne suka kammala shi. Farfesa Sokichi Segawa na Jami'ar Kyushu ne ya fara gane amfanin binciken ga ƙasarsa, ya isar da shi ga Fusao Ota na cibiyar binciken kamun kifi ta lardin Kumamoto, wanda ya yi nasarar shuka raga da hannu a 1953. A shekarar kuma Munenao Kurogi ya wallafa nazarinsa a kan konkoselis na nau'o'in Japan, yayin da C. K. Tseng da abokin aikinsa ke gudanar da irin wannan aiki a birnin Qingdao na ƙasar Sin.

Abin da ya fi ba su wuya shi ne gano abin da ke gaya wa konkoselis cewa lokaci ya yi. An gano abubuwa biyu ne: saukar zafin ruwa da gajartar yini. A 1967 M. J. Dring ya tabbatar da gwaji cewa konkoselis yana auna tsawon dare ne kafin ya fara gina jakunkunan ƙurarsa, kamar yadda wasu tsirrai na tudu ke yi kafin su yi fure. Wannan batu yakan yi wa ɗalibaina wuyar kamawa, kuma ban ga laifinsu ba, domin a Jos bambancin yini mafi tsawo da mafi gajarta a shekara bai fi awa ɗaya da 'yan mintoci ba. A Kumamoto kuwa yini yakan kai kusan awa 14 a watan Yuni, ya sauko kusan awa 10 a Disamba, don haka tsawon dare kalanda ce da ba ta kuskure a can.

Tsarin da ake bi a yau ya ginu ne a kan wannan sani. A wajen ƙarshen sanyi ake zuba konkoselis a kan ɓawon ƙumba da aka wanke tas, a jera ko a rataye su a cikin tankuna a ɗakunan reno, a yi ta kula da haske da zafi da tsaftar ruwa duk tsawon watannin zafi, har farin ɓawon ya rine ya koma shuni mai duhu. Idan kaka ta yi, zafin ruwan teku ya sauko wajen digiri 23 a ma'aunin Salshiyas ko ƙasa da haka, sai a yi shuka ta ɗaya daga hanyoyi biyu. Ko dai a zuba ƙumbar a cikin 'yan jakunkuna a rataye a ƙarƙashin ragogi da aka ɗora kan juna a cikin teku, kamar yadda ake yi a tekun Ariake da ke gaɓar Kumamoto, ko kuwa a naɗe ragar a jikin wata babbar ƙafa mai juyawa kamar ta injin niƙa, tana tsoma ta tana fitarwa a cikin tanki mai cike da ƙurar. Da safe ne ƙurar ta fi fitowa, kuma girman kowace ɗaya bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin ɗari na milimita ba. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki sai a yi yankan fari, a ci gaba da yanka duk bayan kwana 10 zuwa 15 har sanyi ya wuce.

Akwai abubuwa biyu game da ƙurar nan da suka shafi yawan ciyawar kai tsaye. Na farko, rabon da ke rage kuromosom daga shida zuwa uku yana faruwa ne bayan ƙurar ta manne a jikin raga ta fara tsira, don haka ƙwayoyi huɗu na farko ba gado ɗaya suke ɗauke da shi ba, kuma ganye guda zai iya fitowa da ɓangarori masu launi daban-daban idan iyayen sun bambanta a launi. Na biyu, ƙaramin ganye yakan saki wata ƙurar daga gefensa ba tare da barbara ba, ita kuma ta koma ta kama raga ta zama ganye kai tsaye, ba ta bi ta cikin ƙumba. Wannan shuka ta biyu tana cike giɓin da ta farko ta bari, kuma manoma na dogara da ita ƙwarai. A wasu wurare ma ita kaɗai ce hanya: Porphyra umbilicalis da ke gaɓar jihar Maine ta Amurka ta wannan hanya take yaɗuwa, alhali 'yan'uwanta na gaɓar Turai, waɗanda Drew ta yi aiki a kansu, suna da maza da mata. A shekarun 1960 aka ƙara da dabarar busar da raga mai ɗauke da ƙananan ganye sama-sama, a daskarar da ita a wajen digiri 20 ƙasa da sifili, a ajiye. Idan cuta ta cinye ragar farko sai a fito da ta ajiya, ganyen ya farfaɗo da zarar ya taɓa ruwa. A lokacin ne manomin nori ya mallaki abin da za a kira rumbun iri, kuma amfanin ya yi ta hauhawa har ya kai wajen falle biliyan 10 a shekara a lokacin ganiyarsa.

Drew ta rasu a 1957 ba ta taɓa taka ƙasar Japan ba. A 1963 manoman nori suka tara kuɗi suka gina mata dutsen tunawa a wurin ibada na Sumiyoshi da ke garin Uto, yana fuskantar tekun Ariake, inda ake taruwa kowace ranar 14 ga Afrilu, suna kiranta uwar teku.

Abin da mallakar iri ta haifar

Da zarar iri ya shigo hannu sai zaɓe ya biyo baya, kuma zaɓen ya taƙaita gonar. Tsohon nau'in da aka san Edo da shi, wanda a da ake kira Porphyra tenera, ya ba da wuri ga wani mai saurin girma da juriya, yezoensis, musamman wani zaɓaɓɓen reshensa mai dogon ganye da aka samo a Narawa ta lardin Chiba. A yau mafi yawan norin Japan daga wannan reshe yake, tsohon nau'in kuwa ya shiga jerin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu a ƙasar. A 2011 masana sun sake rarraba dangin bisa binciken ƙwayoyin gado, suka mayar da nau'o'in biyu ƙarƙashin sunan Pyropia. Wanda ya ga yadda dankalin Nicola ya mamaye gonakin Filato, da irin ɓarnar da cuta ke yi idan ta samu gonaki jere masu iri ɗaya, zai gane inda haɗarin yake.

Duk da haka, manomin nori ya fi takwarorinsa na gabashin Afirka madafa. A Zanzibar, inda aka fara noman jar ciyawar teku na kasuwanci a 1989, mafi yawa mata ne ke yi, nau'o'in Eucheuma da Kappaphycus ake nomawa, kuma ba a bi ta ƙurar iri ko kaɗan: reshe ake karyawa a ɗaure a jikin igiya, kamar dashen rogo. Hanyar tana da sauƙi da arha, amma kowace shuka kwafin ta jiya ce, babu barbarar da za ta kawo sabon gado, kuma ɗumamar ruwa da cutar da ke farar da rassan har su kakkarye sun sa noman Kappaphycus ya ja baya sosai a ruwan da ba shi da zurfi.

Sanin zagayen haihuwa kuma bai ba kowa iko a kan teku ba. A lokacin sanyi na 2000 zuwa 2001, wasu ƙananan gansakuka masu yawo a ruwa sun yi ambaliya a tekun Ariake suka shanye sinadaran da nori ke ci, ganyen ya koɗe ya zama ruwan ƙasa, darajarsa ta faɗi. Manoma da masunta da yawa suka ɗora laifin a kan madatsar da aka rufe mashigin Isahaya da ita a 1997, aka kuma shafe shekaru ana shari'a. Ga kuma ɗumamar ruwa: tun da konkoselis da ƙananan ganye suna buƙatar zafi ya sauka, ranar shuka ta yi ta ja baya zuwa ƙarshen Oktoba a wasu shekarun, lokacin girbi kuma yana gajarcewa.

Bayan 'yan makonni da wancan darasi na haɗu da mahaifin ɗalibin nan a kasuwar Farin Gada, yana tsaye a kan buhunan dankalinsa, ashe yaron ya kwashe labarin duka ya kai gida. Muka gaisa, na ce, "Baba, ya kasuwa?" Ya ce, "Da godiya, Malam. Yaronka ya ce mini akwai masu sayen ɓawon katantanwa a matsayin iri. Ni ko dankalin da nake gani da idona an sha sayar mini da mai cuta. Su da ba sa ganin nasu, yaya suke sanin ya kama?" Na gaya masa cewa a ranakun shuka manomin nori yakan yanko ɗan guntun zare daga jikin ragar, ya sa a ƙarƙashin madubin likita ya ƙirga ƙurar da ta manne. Idan ta yi kaɗan ya bar ƙumbar ta ƙara kwana, idan kuwa ta isa ya cire ta nan take, domin ragar da ta cika da yawa ganyenta cunkushewa yake yi ya ƙi tsawo. Ya gyaɗa kai ya ce ashe su ma suna yin tsuge, sa'an nan ya juya wurin mai sayen da ke taya buhu.